Memorin kwamfuta a gaban jami'in duwan: yadda lamba shida ke yanke kuɗin fiton da za ka biya

Memorin kwamfuta kaya ne marar nauyi amma mai tsada. Abin da zai shiga ƙaramar jakar hannu na iya kai darajar miliyoyin sefa. Duk wanda ke shigo da shi daga Dubai ko ƙasar Sin, ko mai sarinsa a Legas da Kano ya tsallaka da shi Maraɗi, Garwa ko Injamena, yakan ci karo da tambaya ɗaya a ofishin duwan, wato kwastan: wace lamba ce ta wannan kaya? Amsar wannan tambaya ita ce ke nuna ko kashi 5 cikin 100 za a biya, ko kashi 20, ko ma a ci mutum tara bisa laifin ba da bayanin da ba daidai ba.

Maganar ta ƙara nauyi tun ƙarshen 2025 saboda dalilai biyu. Na farko, kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta hawa kwamfutar da RAM ɗinta bai kai gigabait 4 ba, ko ma'ajiyarta ba ta kai gigabait 64 ba. Makarantu da ofisoshi da shagunan buga takardu da yawa suna neman ƙara wa tsofaffin na'urorinsu ƙarfi maimakon sayen sababbi. Na biyu, farashin memori ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya tun ƙarshen 2025, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. Tunda kuɗin fito kaso ne na darajar kaya, duk lokacin da farashi ya hau, shi ma sai ya hau.

Mene ne memori, kuma su wa ke ƙera shi?

A kasuwa kalma ɗaya muke amfani da ita, amma abubuwa biyu ne daban. Akwai memorin aiki, wanda aka fi sani da RAM. Shi kamar teburin tela yake, inda ake shimfiɗa yadin da ake yanka a lokacin. Da an kashe wuta, duk abin da ke kansa ya tafi. Irin wanda ya fi yawa shi ne DRAM, wanda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960. Akwai kuma memorin ajiya, wato filash, wanda ke riƙe hotuna da takardu ko da babu wuta. Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Shi ne ke cikin katin memorin waya, da filashin da masu Faransanci ke kira « clé USB », da ma'ajiyar SSD.

Asalin kowannensu ƙwaya ce ƙarama baƙa, wadda masu gyaran waya ke kira aisi. Kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera ta. A ɓangaren DRAM, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka su ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya. A ɓangaren filash akwai waɗannan ukun, da Kioxia na Japan, da SanDisk, da YMTC na ƙasar Sin. Babu ƙasar da ke ƙera wannan ƙwaya a Afirka ta Yamma ko ta Tsakiya. A riƙe wannan, domin zai yi amfani idan mun zo maganar asalin kaya.

Daga ina lambobin suka fito?

Hukumomin duwan ba da sunan kasuwa suke aiki ba, da lamba suke aiki. Tsarin lambobin na Hukumar Kwastan ta Duniya ne, wadda ake kira OMD da Faransanci, mai mazauni a birnin Burusel na Beljiyam. A takardun Faransanci za ka ga an rubuta « Système harmonisé » ko SH, a na Ingilishi kuma HS. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1988, kuma yau ƙasashe da yankuna fiye da 200 ke amfani da shi.

Kowane kaya na da lamba shida. Biyun farko babi ne, biyun tsakiya kan magana ne a cikin babin, biyun ƙarshe kuma reshe ne. Babi na 84 na injuna ne, har da kwamfuta. Babi na 85 na kayan lantarki ne. Waɗannan lambobi shida iri ɗaya ne a Yamai da Kwatano da Duwala da Shanghai. Abin da ya biyo bayansu ne ke bambanta, domin kowane yanki na ƙara nasa. A jadawalin Afirka ta Yamma lambobin kan kai goma.

Akan sabunta tsarin lokaci zuwa lokaci: an yi a 1996, 2002, 2007, 2012, 2017 da 2022, sabon kuma zai fara aiki a 2028. Rabe-raben memori da ake amfani da su yanzu sun samo asali ne daga gyaran 2007. Saboda haka wanda ya kwafo lamba daga tsohuwar takarda, ko daga wani shafin intanet da ba a sabunta ba, yana iya rubuta lambar da ta daina aiki.

Gida huɗu na memori

Ƙwaya ɗaya na iya faɗawa gida huɗu daban, gwargwadon siffar da ta iso da ita bakin iyaka.

Gida na farko shi ne 8542.32. Nan ne mazaunin ƙwayar ita kaɗai, wadda ba a liƙa ta a kan allo ba tukuna. Irin wadda ke zuwa a faranti ko a naɗe cikin tef, mai gyara ya narka dalma ya ɗora ta a kan allon waya ko na kwamfuta. Kan magana na 8542 na dukkan aisi ne: 8542.31 na ƙwaƙwalwar na'ura ne, wato furosesa, 8542.32 na memori, 8542.39 na sauran. Bayanan babi na 85 sun ce idan abu ya cika sharuɗɗan zama aisi, to wannan gida na gaba da kowane gida, ban da 8523. Ko da an san ƙwayar waya za ta shiga, ba a kiranta kayan gyaran waya, aisi ce.

Gida na biyu shi ne 8473.30, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Sandar RAM da ake sokawa cikin kwamfuta, DDR3 ce ko DDR4 ko DDR5, ba aisi ba ce a idon duwan. Allo ne ƙarami da aka jera ƙwayoyi a kansa, mai haƙoran zinare a gefe. Sharaɗin aisi shi ne a haɗe shi ta yadda ba ya rabuwa, ita kuwa sanda ana iya cire mata ƙwaya a sa wata. Don haka ta zama ɓangaren kwamfuta, kuma 8473.30 na sassa da kayan haɗin kwamfuta ne. Mai sayarwa a waje kan rubuta « mémoire » kawai a takardar saye, wakilin fito ya duba jadawali ya ga kalmar a gaban 8542.32 ya ɗauka, alhali sanduna ne cikin kwalin.

Gida na uku shi ne 8523.51. Na ma'ajiyar filash ce da aka gama haɗawa: ƙwaya ɗaya ko fiye a kan allo, cikin gida ɗaya, da bakin da ake sokawa a na'ura. Katin SD, da ƙaramin katin waya, da filashin USB duk nan suke, ko da akwai abu a naɗe a ciki ko babu. Hukumomi da dama, har da na Amurka, suna sa SSD a nan, bisa hujjar cewa ita ma filash ce cikin gida mai bakin sokawa. Maƙwabcinsa 8523.52 na kati mai ƙwaƙwalwa ne, kamar layin waya da katin banki.

Gida na huɗu shi ne 8471. Tsohuwar ma'ajiya mai faifai mai juyawa, wadda ake kira had-dis, tana 8471.70. Memorin da ke cikin kwamfuta kuwa ba shi da lambar kansa, yana bin uwarsa. Kwamfutar tafi-da-gidanka da nauyinta bai wuce kilo 10 ba tana 8471.30, da RAM ɗinta da ma'ajiyarta gaba ɗaya. Haka wayar zamani take a 8517.13 tun gyaran 2022.

A taƙaice, jami'i tambaya uku yake yi wa kansa. Ƙwaya ce tsirara, ko tana kan allo? Idan tana kan allo, tana riƙe bayani bayan an kashe wuta, ko tana mantawa? Ita kaɗai ta zo, ko cikin na'ura?

Inda gardama ke tasowa

Tsarin na da ƙa'idoji shida na fassara, kuma bi da bi ake amfani da su. Ta farko ta ce rubutun kan magana da bayanan babi su ne hujja, ba sunan da ke jikin kwali ba. Ta biyu ta ce kayan da aka kawo a wargaje, idan sassansa sun isa su ba da siffar cikakken abu, to a matsayin cikakken za a ɗauke shi. Ke nan wanda ya kwance kwamfutoci hamsin, ya zuba allunan a kwali ɗaya, RAM a wani, gidajen a wani, duk cikin kaya guda, bai shigo da sassa ba, kwamfutoci hamsin ya shigo da su. Ta uku ta shafi abin da zai iya shiga gida biyu: a ɗauki wanda ya fi bayyana shi dalla-dalla, in ba a rabu ba a duba abin da ya fi ba shi ainihinsa, in har yanzu ba a rabu ba a ɗauki lambar da ta zo ƙarshe. Da wannan ne wayar da aka sayar da katin memori cikin kwalinta take zama waya kawai.

Sassa ma ba duka ke tafiya 8473 ba. Sandar memorin da aka ƙera musamman don injin buga takardu tana bin injin zuwa 8443. Ana duba na'urar da aka yi abin dominta, ba kamanninsa kawai ba.

Sai kayan gwanjo. RAM da yawa da ke kasuwanninmu daga tsofaffin kwamfutoci aka ciro shi. Muddin yana aiki, tsufa ba ya sauya masa lamba, darajarsa kawai yake ragewa. Amma gyaran 2022 ya buɗe sabon kan magana, 8549, na sharar lantarki da tarkacenta. Buhun allunan da suka mutu, waɗanda ba su da amfani sai a ciri ƙarfen da ke jikinsu, nan ne wurinsu. Wannan kuma ya wuce maganar haraji, domin yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 sun taƙaita safarar shara mai guba, ta Bamakon ma ta haramta shigo da ita Afirka. Mai sayen gwanjo a dunƙule ya tabbata an gwada kayan kafin a loda.

Nawa ake biya?

Lamba ɗaya ce a duniya, amma kowace ƙasa ko yanki ke yanka kason da za a biya a kanta. A ƙasashe masu arzikin masana'antu, asalin harajin fito a kan memori sifili ne. Dalili shi ne yarjejeniyar kayan fasahar sadarwa da aka cimma a ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, OMC, a Singafo cikin Disambar 1996, aka faɗaɗa ta a Nairobi cikin Disambar 2015 da ƙarin kayayyaki 201. A Afirka ƙasashe ƙalilan ne suka shiga, irin su Masar da Maroko. Nijar, Najeriya, Gana, Benin, Kamaru da Cadi ba sa ciki. Don haka idan mai sayarwa a waje ya ce maka wannan kaya ba a biya masa fito, gaskiyar ƙasarsa ya faɗa, ba ta taka ba.

A Afirka ta Yamma ana aiki da jadawalin bai-ɗaya na waje, TEC. Ƙungiyar UEMOA ta fara nata ranar 1 ga Janairun 2000 da matakai huɗu, sannan na CEDEAO ya fara aiki a Janairun 2015 da matakai biyar: sifili ga muhimman kayan jin daɗin jama'a, kashi 5 ga kayan masarufi da ɗanyun kaya da injunan aiki, kashi 10 ga kayan da ake ƙara sarrafawa, kashi 20 ga kayan da suka gama haɗuwa don mai amfani, da kashi 35 ga wasu kayan da ake son kare masana'antun gida daga gare su. A Afirka ta Tsakiya, inda Kamaru da Cadi suke, matakan da CEMAC ta kafa a shekarun 1990 su ne kashi 5, 10, 20 da 30.

Wannan rabon ne ke sa lamba ta zama kuɗi. Jadawalin na kallon injin aiki daban, ɓangaren da za a ƙara haɗawa daban, kayan da mutum zai saya ya yi amfani da shi nan take daban. Gidajen memori huɗu ba lallai su faɗa mataki ɗaya ba. Kason kowace lamba na rubuce a jadawalin shekarar da ake ciki, kuma dokar kasafin kuɗi ta ƙasa kan iya yafe haraji ko ƙara wani a kan kayan kwamfuta. Shi ya sa jadawalin bana ake dubawa, ba abin da wani ya biya shekaru uku da suka wuce ba.

Bayan harajin fito akwai ƙananan kuɗaɗe. A yankin UEMOA akwai kuɗin ƙididdiga na kashi 1, da kason ƙungiyar. Ƙasashen CEDEAO na karɓar rabin kashi 1 na ƙungiyarsu. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a watan Maris na shekarar suka sanar da nasu kason na rabin kashi 1 don ƙawancen AES, amma suna nan cikin UEMOA. A CEMAC akwai harajin haɗin kan yanki na kashi 1. Babba a cikinsu duka shi ne TVA: kashi 19 a Nijar, 18 a Benin da Togo, 19.25 a Kamaru, 7.5 a Najeriya.

Mu yi lissafi

Mu ƙaddara ɗan kasuwa a Nijar ya sayo memori na sefa 2,000,000, kuɗin jirgi da inshora suka ci 200,000. Duwan ba a kan kuɗin saye kaɗai take lissafi ba, a kan darajar da ake kira CAF take yi, wato kuɗin kaya da inshora da dako. Ke nan tushen lissafi 2,200,000 ne. TVA kuma ana ɗora shi ne a kan wannan daraja haɗe da harajin fito. Don sauƙi mu ajiye ƙananan kuɗaɗen gefe.

Idan lambar kayan ta faɗa matakin kashi 5, fito 110,000 ne, TVA 438,900, jimla 548,900. Idan kashi 10 ne, fito 220,000, TVA 459,800, jimla 679,800. Idan kashi 20 ne, fito 440,000, TVA 501,600, jimla 941,600. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai sefa 392,700, a kan kwali guda da mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, wannan ita ce ribar tafiyar baki ɗaya.

Lissafin ya nuna wani abu kuma. Ko da gwamnati ta mai da fito sifili, TVA kaɗai zai ci 418,000. Duk wanda ke tsara farashinsa bisa harajin fito kawai ya manta da babban rabo.

Daraja: rasit kaɗai ba ya isa

A takardar bayanin kaya abubuwa uku ne jami'i ke tantancewa, waɗanda Faransanci ke kira « espèce, valeur, origine », wato nau'i, daraja da asali. Kuskure a kowanne laifi ne da ke jawo tara, wani lokaci har da riƙe kaya.

Ƙa'idar OMC ita ce a karɓi kuɗin da aka biya na haƙiƙa a matsayin daraja. Idan jami'i na da dalilin shakka, yana da ikon neman ƙarin hujja. In bai gamsu ba, sai ya koma ga sauran hanyoyi bi da bi: farashin kaya iri ɗaya, sannan na mai kama da shi, sannan farashin sayarwa a cikin gida bayan an cire riba da kuɗaɗe, har zuwa ƙarshe. Memori na da wuyar sha'ani a nan. Sanda biyu masu kama ɗaya, ɗaya gigabait 4 ɗaya 32, tsakaninsu akwai tazarar kuɗi mai yawa. Farashin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya saya kafin tashin farashi na iya isowa iyaka jami'i ya ga rasit ɗinsa ya yi araha da yawa.

Maganin wannan shi ne takardu su yi magana da baki ɗaya. Takardar saye ta nuna sunan kamfani, lambar samfurin da ke jikin kayan, girman gigabait, adadi, da ko sabo ne ko gwanjo. Shaidar tura kuɗi ta banki ta dace da ita. Na'urorin duwan na zamani, SYDONIA a Nijar, CAMCIS a Kamaru, ICUMS a Gana, suna ajiye tarihin abin da kowane mai shigo da kaya ya taɓa bayyanawa, kuma da shi ake auna wanda za a yi wa binciken ƙwaƙwaf. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai kuma jabun kati, wanda aka rubuta masa gigabait 128 alhali cikinsa bai kai ba. Mai shigo da irinsa ya yi asara uku: ya biya haraji a kan girman da babu shi, abokan cinikinsa za su dawo masa da kaya, kuma duwan na iya ƙwace shi saboda satar tambarin kamfani.

Na saya a Legas, don me zan sake biya?

Wannan ita ce tambayar da 'yan kasuwar kan iyaka suka fi yi. Yarjejeniyoyin cinikin da babu haraji, na CEDEAO ne ko na UEMOA ko na CEMAC, ko kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, ZLECAf, da aka buɗe ranar 1 ga Janairun 2021, duk sun shafi kayan da asalinsu na yankin ne. Sandar RAM da aka ƙera a Asiya ba ta zama 'yar Najeriya don ta kwana a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko a Farm Centre ta Kano. Sauya mata kwali ko liƙa mata sabuwar takarda ba ya ba ta asali. Idan ta iso Dan Isa ko Birnin Ƙonni, kayan waje ce, kuma fiton da aka biya a Legas ya shiga baitulmalin Najeriya ne. Haka abin yake ga mai ɗauka daga Kano zuwa Marwa ko Kusiri, inda ma an fita daga wannan yanki an shiga wani.

Hanyar kauce wa biya sau biyu ita ce tsarin wucewa, wato « transit ». Kayan da za su Injamena ta tashar Duwala, ko Yamai ta tashar Lome, ana sa su ƙarƙashin takardar wucewa da jingina, sai sun isa ƙasar da za a sayar da su sannan a biya fito. Tun rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa da ke bi ta Kwatano sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar ta ƙara tsawo da tsada. Ga kaya marar nauyi irin memori, jirgin sama kai tsaye kan fi sauƙi. Sai dai a sani, shigar kaya cikin jakar matafiyi ba ya mai da su kayan kai. Filashi biyu na amfanin mutum daban, ɗari biyu daban, kuma na biyun sai an bayyana su.

Abin da ya kamata a yi kafin a sayo

Da farko a rarrabe kaya tun a takardar saye. Kada a rubuta "kayan kwamfuta" a dunƙule. Sandunan RAM layinsu daban, katuna da filashi daban, ƙwayoyi tsirara daban. Kayan da aka cakuɗa ba bayani na ba jami'i damar ɗaukar mataki mafi tsada.

Na biyu, lambar da mai sayarwa ya rubuta shawara ce kawai. A ɗauki shidan farko a gwada su da bayanin da ke sama, sauran a nemo su a jadawalin ƙasar da za a shigar da kayan. Alhakin abin da aka bayyana na kan mai kaya da wakilinsa, ba kan ɗan kasuwar Dubai ba.

Na uku, a yi aiki da wakilin fito mai lasisi, wanda ake kira « commissionnaire en douane agréé », kuma a karɓi kwafin takardar bayani da rasit na hukuma. Kuɗin da aka biya ba rasit ba ya kare kaya a shingen gaba.

Na huɗu, mai shigo da kaya iri ɗaya a kai a kai ya nemi hukuncin lamba tun kafin kaya su taso. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta OMC, wadda ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017, ta tanadi wannan a sashe na 3, a Faransanci « décision anticipée ». Ana rubuta wa hukuma bayanin kayan da hotuna ko samfuri, ta ba da amsa a rubuce. Sashe na 4 kuma ya tanadi 'yancin ɗaukaka ƙara ga wanda bai yarda da hukuncin jami'i ba. A tambayi babban ofishin duwan na ƙasa yadda ake shigar da buƙatar.

Akwai magana kuma ga masu tsara doka. Gwamnatocinmu na dogaro sosai da kuɗin duwan, kuma babu mai cewa a yafe komai. Amma sandar RAM guda na iya ƙara wa tsohuwar kwamfutar makaranta shekaru tana aiki, ta kuma samar wa matashi mai gyara abin yi. Duk inda harajin sassa ya fi na cikakkiyar na'ura, to an sa gyara ya fi saye tsada, an kuma ƙara tulin sharar lantarki. Ƙungiyoyin masu sayar da kayan kwamfuta da na masu gyara a Yamai, Garwa, Injamena da Kumasi na da hurumin kai wannan magana gaban majalisun 'yan kasuwa lokacin da ake shirya kasafin kuɗi. Za a fi saurarensu idan sun je da lambobin a hannu: 8542.32, 8473.30, 8523.51, da kason da ake karɓa a kan kowacce.